Sunan Tasi'u Ya Shiga Littafi, Shi Yana Waje

Jama'a, yau an fitar da ni daga buro, wato ofis, da hoton rago a hannuna. Ba a zage ni ba, in faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya ture ni. Mai gadi ne ya kama min gwiwar hannu cikin ladabi, ya raka ni har inda inuwar ginin ta ƙare, ya ce mini "saha", sallamar 'yan garin ke nan, ya koma abinsa. Tun bakwai na safe nake kan benci. Na ga isowar Mai Girma, mai ofishin, da ƙarfe goma da rabi, na ga fitarsa shan kofi, na ga dawowarsa, na ga an shigar masa da jarida. Sai da aka kusa azahar Allah ya taɓa zuciyarsa, ya ce a shigo da dattijon nan.

Na gaishe shi da duk Larabcin da na tsinta a shekara goma sha shida da na yi a Tamanrasset. Ya ce me ke tafe da ni. Na ce suna na zo nema.

"Sunan wa?"

"Na maƙwabcina, ranka ya daɗe. Tasi'u. Ya ɓace, an ce an gan shi a wajen ƙanen matarka."

Na ajiye masa hoton a tebur. Ga rago, ga liman, ga mutum wajen arba'in a kan tabarma, ga shi kansa Mai Girma a kan kujera ɗaya tilo da muka aro, da haƙarƙari a hannunsa. Ya ɗauka ya duba, ya ce hoto ya yi kyau, wa ya ɗauka? Daga nan ya tambaye ni ko hoton yana da tampon, wato hatimi. Na ce babu. Ya ce to abin da ba shi da tampon ba ya magana a buro. Ya danna ƙararrawa, mai gadi ya shigo.

Na san wasunku za su ce Malam mai rubuta wasiƙa ya fara ruɗewa, yaushe aka fara satar suna kamar akuya? Ku ba ni aron kunne, don ni ma da hannuna a cikin ɓarnar, kuma abin yana ci mini rai.

Tasi'u mutumin Tanut ne. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a unguwar Tahaggart. Ya zo garin nan shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya fara da ɗaukar bulo kamar kowa, daga baya ya shiga bin masu kai turis, baƙi 'yan yawon buɗe ido, cikin duwatsu yana yi musu girki. A can ya koyi tagella, gurasar nan ta 'yan ƙasa da ake binnewa cikin yashi mai zafi da garwashi, har ya zo ya fi waɗanda suka koya masa. Ni na ci, ba labari nake ba ku ba. Ko tsakuwa ɗaya haƙorinka ba zai taka ba. Turawa suka riƙa komawa ƙasashensu suna faɗa wa 'yan'uwansu, sai ka ga baƙo ya sauko daga jirgi da 'yar takarda a hannu, an rubuta masa kalma biyu: Tasi'u Tagella. A shekarun nan da baƙi suka ɗauke ƙafa, ya naɗe tukwanensa cikin buhu ya koma kwaɓa siminti. Da suka fara dawowa, sai ga 'yar takardar ta dawo tare da su. Ba shi da gona a nan, ba shi da shago, gidan ma haya ne. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Matsalar ita ce takardar tana fara faɗawa hannun masu manyan motoci da ke jira a filin jirgi. Wani ya ce Tasi'u ya yi tafiya, wani ya ce bai san shi ba, mai ɗan imani ya ɗauke shi aikin kwana uku. Sai wani abokinsa mutumin Idlès, mai tsohuwar katkat, motar nan mai hawan dutse da yashi, ya ce su haɗa kai su yi nasu, shi da mota da takardun ɗan ƙasa, Tasi'u da suna da tukunya. Wata baturiya kuma ta ce musu su nemi adireshi a intanet, yadda mai neman Tasi'u zai same shi tun yana gida, kafin kowa ya tare shi.

Da yake ni ne mai karatun unguwa, ni na raka shi wajen Tahiru. Tahiru ɗan Maradi ne da ya yi lekkol, wato boko, mai zurfi a Yamai, yanzu shi ke kula da sibar ɗin bakin kasuwa, shagon intanet mai ordinata, wato kwamfuta, huɗu, biyu masu aiki, biyu na ado. Na ce masa mun zo sayen adireshi, a ba mu mai kyau. Ya yi dariya ya ce ba a shagonsa ake ajiye su ba.

"Malam," in ji shi, "in baƙo ya sauko daga kamiyon Agadas yana neman ɗan'uwansa, wa yake tambaya?"

"Mai masauki na tasha."

"Don me?"

"Shi ya san wane yana Tahaggart bayan mai walda, wane ya tafi aikin lambu, wane jandarma sun mayar da shi iyaka."

"To injunan nan ma suna da nasu mai masaukin."

Ya ce da farko ordinatocin da ke magana da juna a duniya ba su da yawa, galibi a manyan makarantun ƙasashen waje suke. Kowace tana da lamba, amma ɗan Adam ba ya riƙe lamba, suna yake riƙewa. Sai aka sami masu rubuta jeri, wannan suna ga lambarsa, wancan suna ga tasa. Da jerin ya yi tsawo ya fi ƙarfin hannu ɗaya, aka rarraba shi. Kowace ƙasa aka ba ta haruffa biyu da za su zo a ƙarshen adireshi, aka ce a samo amintattun da za su riƙe mata littafinta. Ya ce a ƙasashe da dama malaman makaranta ne suka fara karɓar amanar, don a lokacin manya ba su ma san ana rabon ba.

Nan na dakatar da shi. "Tsaya, Tahiru. An yi rabo a duniya, manya ba su ji ba?"

"Ba su ji ba."

"Ba a kafa kwamiti ba? Ba a yanka ƙyalle ba? Ba wanda ya tafi taron kwana goma a lotel na bakin teku?"

"Lokacin ba abin lasawa a ciki, Malam, sai aiki."

Na ce to yanzu na fahimta, ci gaba.

Ya ce littafin ba ya sayar da inji, ba ya ɗaukar hoto, ba ya tallata kowa. Aikinsa ya rubuta cewa suna kaza na wane ne, in an zo nema ya nuna ƙofa. Kuma ba ya rubuta suna ɗaya sau biyu. Wanda dosiyensa, wato tarin takardunsa, ya fara isa cikakke, sunan nasa ne, ko da duniya za ta taru ta ce ba haka ba.

Wannan ya ɗaure min kai. Na ce a unguwarmu kaɗai akwai Tasi'u shida, da dogo, da mai walda, da na Zara, kuma ban taɓa jin matar wani ta kai tuwo gidan da ba nata ba. Tahiru ya ce inji ba shi da wayon matan unguwa. Ya ce littafin ƙasar nan yana can babban birni, kusan kilomita dubu biyu arewa da mu, kuma masu riƙe da shi za su nemi takardar sana'a da shaidar inda sana'ar take. Da za mu fita ya kira mu ya ƙara da cewa, "Amma ku riƙe bakinku. Kada kowa ya ji sunan da kuke so sai ya shiga littafi."

Muka ce to, kamar yadda ake ce wa likita to.

Shaidar inda sana'a take ita ta fara kayar da mu. Akawu ya tambayi Tasi'u lambar gida. Tasi'u ya ce bayan masallaci, ka wuce mai walda, ƙofa mai shuɗi. Akawu ya ce wannan kwatance ne, shi lamba yake so. Wato kafin a ba ka adireshi a cikin iska sai ka kawo na ƙasa, mu kuwa layinmu tun da aka gina shi ba wanda ya zo ya ba shi ko suna. Tasi'u ya sayo fenti ya rubuta 17 a ƙofarsa, don kawai lambar ta yi masa kyau. Aka turo mai dubawa, ya dubi ƙofar, ya dubi takarda, ya ga sun yi daidai, ya sa hannu. Ni ma na rubuta 19 a tawa, maƙwabcinmu na gaba ya rubuta 100 don ya nuna ya fi mu.

Sai takardar sana'a. Tunda sana'ar ta shafi turis, dole ta bi ta Kwamitin Tarbar Baƙi, a can kuwa tampon yana cikin aljihun teburin Mai Girma Mataimaki Na Farko, Uban Dosiye, Garkuwar Masu Jira a Benci, Allah ya ƙara masa lafiya da hutu. Ba na son a ce ban yaba ba. Kwamitinsa ne ya gina wa gari katafariyar ƙofar maraba da baƙi, an yi mata fenti sau uku, sai dai tana kan hanyar da baƙi ba sa bi. Su ne kuma suka buɗe mana famfo a Tahaggart bara, da kiɗa da jawabi, ruwa ya zubo gwanin sha'awa har mata suka yi guɗa. Sai da manya suka tafi muka ga motar ruwa tana fitowa daga bayan katanga tana naɗe tiyo. Famfon yana nan, awaki suna soshe-soshe a jikinsa, mu kuma muna bin motar ruwa da jarka kamar da.

A wajen wannan bawan Allah takardar Tasi'u ta kwanta. Duk zuwa kalma biyu yake samowa, ko "makash", wato babu, ko "gudwa", wato gobe. Wata rana Mai Girma ya tafi taro, wata rana tawadar tampon ta bushe, wata rana mabuɗin aljihun tebur ya bi shi gida. Mako bakwai ana haka, ga lokacin baƙi yana matsowa.

Ranar wata Laraba bayan la'asar muna shan shayi a ƙofar Tasi'u, shaiɗan ya hau harshena. Na ce, "Maƙwabci, mu fa muna da tamu hanyar tun kafin a ƙera inji. A wajenmu suna ba ya zama suna sai an raɗa shi a gaban jama'a. Gona ba ta zama taka sai dattawa sun taka iyakarta sun gani. In mutum arba'in suka ji da kunnensu, liman ya shafa fatiha, wa ya isa ya zo gobe ya ce sunan ba naka ba ne?"

Tasi'u ya ajiye kofi yana saurare.

"Sannan mu gayyaci Mai Girma. Hannun da ya ci naman sunanka ba zai yi nauyin buga maka tampon ba."

Daga bayan labule matarsa Laure ta ce, "Baba Malam, ai na ji kamar Tahiru cewa ya yi a yi shiru."

Na ce, "Tahiru ya san inji, mu mun san mutane."

Wallahi haka na ce, da bakin nan nawa, har ina gyara hula.

Aka sa safiyar Juma'a. Tasi'u ya sayo rago mai ƙaho, Laure da matan layi suka tashi da aikin fanke. Da muka je wa liman, ya ce shi bai taɓa raɗa wa abin da ba shi da kan askewa suna ba, ya tambaya ko namiji ne ko mace. Da ƙyar muka daidaita cewa addu'ar buɗe sana'a zai yi, sanarwa kuma tawa ce. Na sami kwalin sukari na rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, tasiu-tagella, da ɗigonsa, da haruffa biyun ƙasa a ƙarshe. Bayan fatiha na miƙe na ɗaga kwali, na karanta shi sau uku, jama'a suna cewa Allah ya raya.

Mai Girma ya zo, kuma bai makara ba, abin da ban taɓa ji an faɗa a kansa ba. Ya zo da ƙanen matarsa, wani mai ajans, wato kamfanin kai turis, da fararen motoci huɗu. Ya ci nama, ya ci tagella, ya yi ɗan jawabi a kan zumuncin maƙwabtan ƙasashe. Ƙanen matar ya yi ta tambayar Tasi'u, baƙi nawa ke zuwa da sunansa a shekara, daga wace ƙasa suka fi yawa, Tasi'u kuwa yana ta zuba saboda murna. Can sai Mai Girma ya ce in sake ɗaga kwalin. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya kwafe baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, har yana tambaya ko akwai ɗan layi a tsakiya.

Na zunguri Tasi'u na ce, "Ka gani? Tun yanzu ya fara shiga littafi."

Tahiru bai sami zuwa ba, yana shago. Da na kai masa nasa naman na ba shi labari, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Wa da wa suka ga kwalin?" Na ce kowa, ai amfanin taron ke nan. Naman ma ban ga ya taɓa ba.

Bayan mako uku tampon ya sauka a takardar Tasi'u. Na bi layi ina faɗa wa mutane cewa nama yana aiki. Aka haɗa dosiye, abokinsa na Idlès ya ba wani ɗan'uwansa da zai hau mota zuwa arewa, muka zauna jira. Amsa ta zo ta faks ɗin sibar, gajeriya, mai ladabi. Suna godiya, dosiye ya cika, sai dai wannan suna an riga an rubuta shi ga wani, ko za a zaɓi wani daban?

Tahiru ya zaunar da mu gaban ordinata ya buga adireshin da na rubuta a kwalin sukari. Hoto ya fara saukowa a hankali daga sama, yadda ya saba, layi-layi. Duwatsun Assekrem suka fito. Fararen motoci huɗu suka fito. Sai ga wani ƙato da rawani yana murmushi, yana riƙe da gurasa a hannu, an rubuta Tasi'u a ƙasansa. Direban ƙanen matar Mai Girma ne, duk gari an san shi, ko shayi ya dafa sai an ƙara masa gyara. Daga baya muka ji cewa takardar sana'arsu mai wannan suna kwana huɗu ta yi a kwamiti, tawada ba ta bushe ba, mabuɗi bai bi kowa gida ba, dosiyen kuma jirgin sama ya hau.

Tasi'u ya daɗe yana kallon hoton. Abin da ya fara cewa shi ne, "Gurasar nan ta ƙone ta ƙasa."

Ni ban ga laifin masu littafi ba, kuma ba don tsoro nake faɗa ba. An ce su rubuta wanda ya fara zuwa, sun rubuta wanda ya fara zuwa. Daga nisan kilomita dubu biyu ba a jin ƙamshin tagella, takarda kawai ake gani. Tahiru ya buga musu waya, wata murya mai haƙuri ta ce ana iya kai kuka, a kawo shaidar da ta nuna Tasi'u ya riga kowa amfani da sunan a sana'a. Na ce alhamdu lillahi, muna da shaidu arba'in da liman. Tahiru ya rufe bakin wayar da hannu ya ce takarda ake nufi, mai tampon. Na ce tampon ɗin wa? Ya ce na Mai Girma mana, na wa kuma?

Da muka koma gida muka tarar labari ya riga mu. Laure tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekara goma sha biyu ina gidan nan, ban taɓa kama sunan maigida da bakina ba, ko a gaban uwata. Ni ina ta ɓoyonsa, ku kun tara gari kun rubuta shi a kwali." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce bari in je in ga ko motar ruwa ta zo.

Tahiru ya ce a ɗauki wani adireshin, akwai sunaye da yawa da ba a kama ba. Tasi'u ya ce wa zai neme su? Baturen da ƙanwarsa ta ce masa ya nemi Tasi'u Tagella, abin da zai buga ke nan, kuma inji zai nuna masa ƙofar da littafi ya ce. Haka kuwa aka yi. Oktoba ta shiga, jirage suka fara sauka, ba ko mai 'yar takarda ɗaya, kowa ya gama shirinsa tun daga gida. Abokinsa na Idlès ya jira wata biyu, ya ba shi haƙuri, ya koma garinsu yana ɗaukar kayan lambu da motar. Aikin gini ma ya yi ƙasa. Ta katanga nake jin abin da ake dafawa a gidan, kuma na ji ranar da aka daina soya albasa.

Farkon Disamba Tasi'u ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ajans ɗin neman aiki. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce mai ajans ya tashi ya tarbe shi da hannu biyu, ya sa aka kawo kofi.

"Marhaba da kai," in ji shi. "Dama muna neman mai girki, baƙi suna ƙorafin gurasa. Amma da sharaɗi ɗaya. In kuna gaban turis, ba kai ne Tasi'u ba. Muna da Tasi'u, hotonsa ne a shafi, shi suka biyo. In aka sami biyu, kansu zai ruɗe."

"To me za a kira ni?"

"Zaɓi duk wanda kake so, mu ba mu da matsala."

Tasi'u ya ajiye kofin. Sannan ya ce Maman, sunan mahaifinsa, don in an kira ya san zai juya.

Makon jiya suka dawo daga tafiyar farko, kwana biyar, da turis takwas. Na same shi a ƙofar gida yana kankare tukunya, na zauna, na tambaye shi hanya. Ya ce lafiya lau, sai sanyi. Ya ce a rana ta uku sun sauka a gindin Assekrem da la'asar, ya haƙa rami ya binne ƙullu, ya tono gurasa yana kakkaɓe mata yashi. Sai wani bature mai furfura ya ɗaga murya ya ce, "Tasi'u!" Ya ce saura kaɗan wuyansa ya juya da kansa, ya danne. Direba ya amsa ya taho.

Baturen ya kama hannun direba ya riƙe. Ya ce saƙo ya kawo daga ƙanwarsa. Ta zo nan shekara goma sha biyu da suka wuce, ta gurɗe a kan dutse wajen saukowa, Tasi'u ya goya ta tun daga sama har mota, ya ɗaure mata ƙafa da rawaninsa. Yanzu ba ta da lafiyar tafiya, amma ta ce lalle in ya zo ya nemo Tasi'u ya gaya masa ba ta manta ba. Direba ya dafa ƙirji ya ce ai ba komai, aikinsu ne. Bature ya rungume shi har da hawaye, sauran suka tafa, aka ɗauki hoto.

Na ce, "Kai kuma fa?"

"Ina tsugune ina kakkaɓe gurasa, taku uku tsakaninmu."

"Ba ka ce komai ba?"

"Yara suna gida, Malam."

Ya ci gaba da kankare tukunyar. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na tuna ta. Ƙafar hagu ce."

Jama'a, na sha jin baƙin ciki a garin nan, na rubuta wa mutane wasiƙun mutuwa da na saki, amma ba wanda ya ci mini rai kamar wannan. Shawarata ce ta kai mutumin nan inda yake, kuma har yau bai ce mini ko uffan a kai ba, gara ma ya zage ni.

Amma kada a ce shafin nan kuka kawai ya iya. Ku taya ni yi wa Mai Girma da iyalinsa barka, don harka tana tafiya, an ce mota ta biyar tana hanya. Shekaranjiya Tahiru ya karanta mini abin da baƙin suka rubuta a shafin bayan sun koma gida. Sun yaba ƙwarai. Sun ce Tasi'u mutumin kirki ne, ga tuƙi ga fara'a, sai dai duk wanda zai je ya roƙa a haɗa shi da wani Maman mai taya shi aiki, don a gaskiya ya ɗan fi maigidansa iya gurasa.